Takardar gwajin tayirod: ta ina ake fara karanta ta?

Malamin Lab, Tarauni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Takardun gwajin tayirod sun yi yawa cikin abin da ake turowa wannan dandali, kuma tambayar kusan ɗaya ce: an zagaye min lamba da jan biro, me take nufi? Ina so masu lab da likitoci da masu magani kowa ya kawo nasa. Ga misalin takarda irin wadda aka fi gani. Mace mai shekara 34, TSH 6.8 mIU/L, a gefe an rubuta iyaka 0.4 zuwa 4.0. FT4, wato sinadarin tayirod na T4 da ke sake a jini, 14 pmol/L, iyaka 12 zuwa 22. Tana kukan kasala da ƙiba. Wani ya ce mata tayirod ɗinta ta hau, wani ya ce sauka ta yi. Wanne ne daidai, kuma a ɗora ta a kan magani ko a jira?

Likitan Ciki, Gwale

Wa alaikumus salam Malam. Ruɗanin hawa da sauka daga abu ɗaya yake tasowa: ba tayirod ce ke yin TSH ba. Tayirod, halittar nan da ke gaban wuya wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, T4 take fitarwa da ɗan T3 kaɗan. Shi kuwa TSH daga fituwitari yake zuwa, wata 'yar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, aikinsa ya zaburar da tayirod. Kamar maigida ne da yaron shago, in yaro ya yi sanyi maigida ya ɗaga murya, in aiki ya yi yawa maigida ya yi shiru. Saboda haka TSH a sama alamar aikin tayirod ya ragu ne, TSH a ƙasa alamar ya yi yawa.

Kuma fituwitari tana da saurin ji. FT4 na iya motsawa kaɗan, bai ma fita daga iyaka ba, TSH ya ninka. Abin da ya faru a takardar nan ke nan: TSH ya ɗaga, FT4 na cikin iyaka. Raguwar aiki ce wadda ba ta bayyana ba tukuna, in ma ta tabbata. Na ce in ta tabbata domin a wasu nazarce-nazarce fiye da rabin masu irin wannan lamba, in aka sake gwaji, TSH ɗinsu yakan dawo daidai ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba. Ni dai ba na goyon bayan a fara magani da takarda ɗaya. A sake TSH da FT4 bayan wata 2 zuwa 3, a haɗa da anti-TPO, gwajin da ke nuna ko garkuwar jiki na yaƙar tayirod. In TSH ya haura 10, a ba da magani. In FT4 ya faɗo ƙasa da iyaka, a ba da magani. In yana tsakanin 4 da 10 sai a dubi mutum ɗin, ba lambar kaɗai ba. Kasalar mace mai shekara 34 a garin nan, kafin a ɗora wa tayirod a duba yawan jininta da sukari. Ƙarancin jini ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Likitar Mata, Nasarawa

Dakta, ban ƙi taka ba, amma akwai tambayar da ya kamata ta riga jiran wata 3: tana da ciki, ko tana neman haihuwa? In tana da ciki, TSH 6.8 ba abin jira ba ne. Tayirod ɗin ɗan tayi ba ta fara aiki sai wajen mako na 12, kuma ba ta tsayawa da ƙafarta sai mako na 18 zuwa 20. Kafin nan ƙwaƙwalwarsa da T4 ɗin uwa ta dogara.

Karatun takardar mai ciki ma daban yake. A wata ukun farko sinadarin ciki, hCG, yana taɓa tayirod kamar yadda TSH ke yi, sai TSH ya sauka. Mai ciki wata biyu da TSH 0.2 da FT4 daidai, ba ta da komai. Mai laulayi mai tsanani, wadda ke amai ba ƙaƙƙautawa, ko mai cikin tagwaye, TSH ɗinta na iya faɗuwa ƙasa sosai har FT4 ya ɗan ɗaga. Wannan ruwa ake ƙara mata a tsayar da amai, yakan lafa da kansa kafin mako na 20. A ba ta kabimazol, maganin rage aikin tayirod, a wannan lokaci ganganci ne, domin yana iya taɓa halittar jariri a farkon ciki. In Graves ce ta gaske, wato cutar da garkuwar jiki ke sa aikin tayirod ya yi yawa, da alamarta TRAb a jini da maƙoƙo da fitowar ido, PTU, wani maganin rage aikin tayirod, ake zaɓa a wata ukun farko.

Wadda kuma dama take shan tayiroksin, ƙwayar T4 da ake ba mai raguwar aiki, ranar da ta tabbatar da ciki buƙatarta ta ƙaru da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Hanya mai sauƙi ita ce ta ƙara ƙwaya biyu a mako, wato tara maimakon bakwai, ta je a auna TSH duk mako 4 har tsakiyar ciki. Bayan haihuwa ta koma ma'auninta na da, a sake gwaji bayan mako 6.

Likitan Ciki, Gwale

Hajiya, a kan mai ciki na sallama. Inda nake da ja shi ne abin da ya zama yayi, duk macen da ta jima ba ta samu ciki ba, in TSH ɗinta ya wuce 2.5 sai a ɗora ta a kan tayiroksin. Lambar 2.5 daga ƙa'idar ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka ta 2011 ta fito. A 2017 su da kansu suka gyara, suka ce inda babu iyakar da aka auna daga mutanen wurin, a ɗauki wajen 4.0 a farkon ciki. Sannan babban binciken da aka yi a Birtaniya, aka fitar a 2019, ya nuna mata masu anti-TPO waɗanda TSH ɗinsu ke daidai, ba su ƙara samun haihuwa ba don an ba su tayiroksin. Ana ta ba da ƙwaya, ana barin gwajin maniyyin miji da hoton bututun mahaifa.

Likitar Mata, Nasarawa

Maganar gwajin miji gaskiya ce, kuma tana da ciwo. Amma mu bambance abu biyu. Wadda ba a taɓa samun ta da cutar ba, TSH 3.0 ba dalilin magani ba ne, na yarda. Wadda an riga an tabbatar tana da raguwar aiki kuma tana kan magani, kafin ta ɗauki ciki ana so a saukar da TSH ƙasa da 2.5, don a bar mata sarari, tunda buƙata za ta ƙaru tun makonnin farko, galibi kafin ta zo awo. Matanmu da yawa ba sa fara awo sai ciki ya kai wata 4 ko 5, lokacin da aka fi buƙatar gyaran ya wuce. Ita kuwa mai 6.8 ɗin Malam, in haihuwa take nema kuma gwaji na biyu ya maimaita, ni zan ba ta.

Malamin Lab, Tarauni

To bari in shigo da ɓangarenmu, domin rabin rigimar takardun nan ba ta jiki ba ce, ta ma'auni ce. FT4 ana rubuta shi da pmol/L ko ng/dL. Mutum ya yi gwaji a lab ɗaya ya ga 15, bayan wata biyu ya je wani ya ga 1.2, hankalinsa ya tashi wai ya zube. Abu ɗaya ne: a ninka ng/dL da 12.87 a samu pmol/L, 1.2 ya zama kusan 15.4. Iyakar ma ta danganta da na'ura. Wata 12 zuwa 22 take bayarwa, wata wajen 9 zuwa 19. FT4 na 11 ya gaza a ta farko, a ta biyu lafiya lau. Kada a ɗauko iyaka daga intanet a ɗora wa takarda, a yi amfani da wadda aka buga a gefen lambar. Mai bibiyar magani ya daure ya tsaya a lab ɗaya.

Sai bambancin T4 da FT4. Fiye da kashi 99 cikin 100 na T4 da ke jini a ɗaure yake da furotin, ba ya aiki. Ɗan ragowar da ke sake shi ne FT4. In takarda ta ce T4 ko TT4 kawai, da µg/dL ko nmol/L, jimla aka auna, ɗaurarre da sakakke. Ciki da ƙwayar tazarar haihuwa mai estirojin suna ƙara furotin ɗin, sai jimla ta hau alhali tayirod ba ta yi komai ba. Daga mako na 16 na ciki jimlar T4 takan kai ninki ɗaya da rabi na wadda ba ta da ciki. Mai ciwon ƙoda da ke zubar da furotin a fitsari kuma tasa sauka take yi.

Abin da ya fi damuna yanzu bayotin ne, ƙwayoyin gyaran gashi da farce da fata, masu maikirogiram 5,000 ko 10,000. Na'urori da yawa da bayotin suke kama sinadarin da ake aunawa. In jini ya cika da shi, TSH sai ya fito ƙasa na ƙarya, FT4 da FT3, wato T3 da ke sake, su fito sama na ƙarya, har TRAb ya nuna akwai. Sak takardar mai Graves, alhali lafiyarta ƙalau. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan tun 2017. A daina sha kwana 2 zuwa 3 kafin a ɗebi jini. Kuma a yi tambayar da sunan kayan gyara, domin in ka ce "kina shan magani?" za ta ce a'a, ba ta ɗauke shi magani ba.

Mai Harhaɗa Magunguna, Fagge

Malam, ka haɗa da deksa, wanda ake sha don ƙiba, da sauran haɗin sha-ka-fashe. Suna danne TSH. Rifamfisin na masu tarin fuka da magungunan farfaɗiya irin kabamazafin da fenitoyin kuma suna sa hanta ta cinye tayiroksin da sauri, mai shan su ya kan buƙaci ƙari. Amiyodaron na bugun zuciya, ƙwaya ɗaya mai miligiram 200 tana ɗauke da aidin, sinadarin da tayirod ke yin T4 da shi, har miligiram 75, tana iya jefa tayirod kowane ɓangare.

Amma takardar da ta fi zuwa gaban kanta ita ce ta mai shan tayiroksin wanda TSH ɗinsa ya ƙi sauka. Kafin likita ya ƙara ma'auni, a tambayi yadda ake sha. Ƙwayar nan ciki wayam take so, da ruwa zalla, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Ba da koko ba, ba da shayi da madara ba, ba da kunun waken suya ba. Maganin ƙarin jini mai ayon, da kalsiyam, da farin ruwan maganin olsa, a raba su da ita awa 4. Mai ciki da aka ba jan maganin awo ta haɗa su duka ta watsa da safe, ta zubar da wani kaso na tayiroksin ɗinta ne. Omefirazol ma yana rage tsotsar sa.

Cikakken ma'auni ga babba wajen maikirogiram 1.6 ne a kowane kilo na nauyi, mai kilo 60 ya tashi kusan 100 a rana. Tsoho ko mai ciwon zuciya da 25 ake farawa a hau sannu. Rabin abin da aka sha yana ɗaukar kusan kwana 7 kafin ya bar jini, shi ya sa bayan canza ma'auni ba a auna TSH sai mako 6 zuwa 8. Wanda ya auna a mako na 2 ya yi asarar kuɗinsa, kuma in aka ƙara masa magani a kan wannan lamba za a wuce gona da iri.

Akwai takarda mai tona asiri: TSH 18, FT4 daidai ko ma ya ɗan haura. Wannan galibi wanda ya yi makonni bai sha ba ne, da ranar asibiti ta matso ya dage kwana uku. FT4 ya tashi nan take, TSH bai samu lokacin sauka ba. Ba ƙari yake buƙata ba, a zauna a ji dalilin da ya sa yake tsallakewa, sau da yawa kuɗi ne. Sannan ajiya: ƙasa da digiri 25 ake so, mu kuwa a Afrilu muna wuce 40. A bar ta cikin katinta, a wuri mafi sanyi a ɗaki, ban da mota da bakin taga. In an canza kamfani, a sake TSH bayan mako 6 zuwa 8.

Sista Ungozoma, Hotoro

Allah ya ƙara sani Malam. To da azumi fa? Nan ne ake samun rikici, kowa da abin da yake gaya wa marasa lafiya. Kuma ranar gwaji a sha ƙwayar kafin a tafi ko a bari?

Mai Harhaɗa Magunguna, Fagge

Amin Sista. Hanya uku ce. A sha da ruwa minti 30 zuwa 60 kafin sahur. Ko a sha lokacin kwanciya, in an yi awa 3 da cin abinci na ƙarshe. Ko a buɗe baki da ita da ruwa, a yi sallar magariba, a jira rabin awa sannan a ci, sai dai wannan ba kowa ke iya jurewa ba. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai har wata ya ƙare. Wanda ya manta ta yau ya haɗa biyu gobe, babu laifi a tayiroksin. Ranar gwaji a fara ba da jini sannan a sha, domin FT4 yakan ɗaga na 'yan awanni bayan ƙwaya. Gwajin kansa ba ya buƙatar a zo ba a ci abinci ba.

Likitan Iyali, Kurna

Ni tawa ta aljihu ce. Ana rubuta wa talaka TSH da FT4 da FT3 gaba ɗaya, ya ji kuɗin ya koma gida bai yi ko ɗaya ba. Ga mai zuwa da ƙafarsa, TSH kaɗai ya isa a fara. In ya fito daidai an gama. In ya hau a ƙara FT4. In ya sauka a ƙara FT4 da FT3. FT3 ba shi da amfani wajen gano raguwar aiki, domin jiki yana ta juya T4 zuwa T3 har sai abu ya yi nisa, shi ne na ƙarshen faɗuwa. Mai bibiyar tayiroksin ma TSH kaɗai yake buƙata, in ya daidaita sau ɗaya a shekara. Anti-TPO sau ɗaya ake yin sa a rayuwa. Yana nuna dalili ne, wato cutar Hashimoto, inda garkuwar jiki ke lalata tayirod, ba ya nuna tsanani, kuma wajen mutum ɗaya cikin goma masu lafiya suna da shi.

Sista Ungozoma, Hotoro

Dakta, a yawancin mutane haka ne, amma TSH kaɗai zai ɓatar mana da wasu mata, kuma a nan arewa ba kaɗan ba ne. Macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, musamman haihuwar gida da aka makara kafin a kai asibiti, fituwitari ɗinta na iya mutuwa saboda jini bai kai mata ba. Cutar Sheehan ke nan. Alamar farko nono ya ƙi zuwa. Sai al'ada ta ƙi dawowa ko an yaye, gashin hammata da na gaba ya zube, jiki ya mutu, fata ta koɗe, hawan jini ya zama saukar jini. Tana iya shekaru a haka ana cewa jinnu ne ko sammu.

A irin wannan mace mai yin TSH ɗin ce ta lalace, saboda haka ba zai hau ba. Zai fito ƙasa, ko tsakiyar iyaka kamar 1.5, a ce mata ba ta da komai, alhali FT4 ɗinta na 6. Duk wadda ta zo da tarihin zubar jini da rashin nono, a rubuta FT4 tun farko.

Sannan akwai kumburin tayirod na bayan haihuwa, wanda ke kama wajen mace 5 cikin 100 a shekarar farko. Daga wata 1 zuwa 4 aiki ya yi yawa, daga wata 4 zuwa 8 ya ragu, yawanci ya warware. Amma mai jego da ke haki da bugun zuciya da kumburin ƙafa, kada a tsaya jiran takardar tayirod. Ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, a fara duba zuciya.

Likitan Ciki, Gwale

Sista ta taɓo wurin da ake rasa rai. FT4 a ƙasa tare da TSH da bai hau ba, kada kowa ya miƙa tayiroksin. A fara auna kotisol, sinadarin da halittar kan ƙoda ke fitarwa, da safe, wajen ƙarfe 8 zuwa 9. Fituwitari ɗin da ta kasa yin TSH galibi ta kasa zaburar da halittar da ke kan ƙoda ma. In aka ba da tayiroksin kafin haidirokotison, maganin da ke maye gurbin kotisol, jiki zai ƙone ɗan kotisol ɗin da ya rage, jini ya faɗi, mutum ya suma. Haidirokotison ne a gaba. Bibiyarsu kuma da FT4 ake yi, a kai shi rabin sama na iyaka, TSH ba ya faɗin komai a kansu. Waɗannan na asibitin ƙwararru ne, a tura su sashen masu kula da sukari da homon a Asibitin Malam Aminu Kano.

Wani wurin da takarda ke ruɗarwa shi ne marar lafiya a kwance. Mai tarin fuka da ya yi nisa, mai ciwon ƙoda, wanda aka yi wa babbar tiyata, T3 ɗinsu na sauka, wani lokaci har T4 da TSH. Jiki ne ya rage wuta. Lokacin murmurewa TSH na iya tashi har kusan 20 ya dawo. In ba ana zargin tayirod ce ta kwantar da shi ba, a bari sai mako 6 bayan sallama. Tsofaffi kuma iyakarsu ta sama ɗagawa take yi, mai shekara 80 da TSH 6 ba lallai cuta ba ce. Binciken 2017 a kan 'yan sama da 65 masu ɓoyayyiyar raguwa bai ga sun ji sauƙin kasala da tayiroksin ba, ga haɗarin rikicewar bugun zuciya da raunin ƙashi in ya yi yawa.

Likitan Iyali, Kurna

Na karɓa, a ware masu tarihin zubar jini da masu ciwon kai mai haɗe da matsalar gani. Dakta, ka yi mana bayanin ɗaya ɓangaren, wato aikin da ya yi yawa. Masu rama da rawar hannu da gumi, an fara kabimazol wata biyu, TSH har yanzu ƙasa da 0.01, ana ta ƙara musu ƙwaya.

Likitan Ciki, Gwale

Wannan kuskure ne mai yawa. Fituwitari da aka danne wata da watanni ba ta farfaɗowa da wuri. TSH na iya zama a ƙasa wata 3 ko fiye bayan FT4 ya daidaita. A farkon magani FT4 da FT3 ake bi duk mako 4 zuwa 6, da su ake rage ma'auni. Wanda ya bi TSH zai wayi gari marar lafiya ya kumbura, yana jin sanyi, maƙoƙon ya ƙara girma, an mayar da shi ɗaya ɓangaren. A Graves ana shan magani wata 12 zuwa 18 kafin a gwada dainawa, kuma kusan rabi takan dawo musu.

Kafin ma a fara, a tabbatar da dalili. TSH a ƙasa da FT4 a sama ba Graves kaɗai ba ce. Tsohon maƙoƙo mai ƙulle-ƙulle na iya fara aiki da kansa, wannan ba ya warkewa da ƙwaya, tiyata ko aidin mai haske da ke ƙone tayirod ne ƙarshensa. Kumburin tayirod, na bayan haihuwa ko mai zafi a wuya bayan mura, zubo abin da ke ajiye yake yi, ba sabon aiki ba, kabimazol ba ya masa komai. Firofanolol ya isa a rage bugun zuciya, in babu asma. TRAb ne ke raba gardama. In TSH na ƙasa FT4 daidai, a duba FT3, wasu T3 kaɗai ke hawa musu.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa ya rubuta wa mai shan kabimazol a bayan katinsa: zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, ya tsayar da ƙwaya, a ƙirga fararen ƙwayoyin jininsa a ranar. Mutum 2 zuwa 5 cikin 1,000 maganin na share musu sojojin jini, galibi a wata ukun farko. A garin da kowane zazzaɓi maleriya ne ko taifod, a sayi allura a kemis a ci gaba da kabimazol, kwana biyu sun isa a rasa mutum.

Likitan Tiyata, Zoo Road

Ku ba ni wuri in faɗi abin da takardar jini ba ta gani. Mai maƙoƙo ya kawo TSH da FT4 daidai, a ce masa ya je babu komai. Gwajin jini aiki yake aunawa, ba ya faɗin abin da ke cikin kumburin. Yawancin masu kansar tayirod gwajinsu daidai yake fitowa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙullutun tayirod ba kansa ba ne, amma sikanin wuya ne ke nuna wanda za a tsira wa siririyar allura a zuƙo a duba. Ƙullutu mai tauri, mai saurin girma, dashewar murya, kaluluwa a wuya, wahalar haɗiya ko numfashi in an kwanta, ko ƙullutu a wuyan yaro, ba a jira. In kuwa TSH a ƙasa yake, wannan ƙullutu mai aiki ne, da wuya ya zama kansa, hanyarsa daban. Gwajin tayirogulobulin, furotin da tayirod ke yi, kuma ba ya gano kansa, amfaninsa bayan an cire tayirod gaba ɗaya ne. Kuma don Allah a daina tsaga da ƙaho a kan maƙoƙo, wurin cike yake da jijiyoyin jini.

Mai Harhaɗa Magunguna, Fagge

Ranka ya daɗe, su ma masu cewa duk maƙoƙo rashin aidin ne suna ɓarna. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri. Babba maikirogiram 150 yake buƙata a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Gishirin leda a rufaffen mazubi, nesa da rana da danshi, ya wadatar. TSH da FT4 ba sa auna aidin. Mai tsohon maƙoƙo da aka ba ƙwayar ciyawar teku ko ɗigon aidin, shi ne ke juyewa aikin ya yi yawa, mai Hashimoto kuma nasa ya ƙara raguwa. Rogon da ba a jiƙa sosai ba da gero suna da abin da ke hana tayirod amfani da aidin, amma tasirinsu inda aidin ya yi ƙaranci ne, ba dalilin hana mutum fura ba ne.

Likitar Yara, Gyaɗi-Gyaɗi

Kada a karanta takardar jariri da iyakar manya. Cikin rabin awa da haihuwa TSH yakan yi tsalle har 60 zuwa 80, ya sauko cikin kwanaki. Jinin da aka ɗiba ranar farko zai firgita mutum a banza, a bari sai bayan awa 48 zuwa 72. FT4 ɗinsu ma ya fi na manya a makonnin farko. A duniya jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ake haifa da raguwar aikin tayirod, kuma yawancinsu ba sa nuna komai ranar suna. Tunda ba kowane jariri ake yi wa gwajin a nan ba, ido ne makaminmu: shawarar da ta wuce mako 2, yawan barci har sai an tashe shi shan nono, rashin kashi, ƙaton harshe, cibiya a bulle, kuka a dashe, maɗiga mai faɗi. Ana yaba shi wai yaro ne mai haƙuri. In an fara magani cikin mako 2, maikirogiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, ƙwaƙwalwa na tsira. A daka ƙwayar a ɗan ruwa ko nonon uwa a cokali, ba cikin kwalbar madara ba. Jaririn uwa mai Graves kuma, ko an yi mata tiyata tuntuni, TRAb ɗinta na tsallakawa ta mabiyiya, a gwada tayirod ɗin jaririn kwana 3 zuwa 5 da haihuwa, a sake wajen kwana 10 zuwa 14.

Malamin Lab, Tarauni

Hajiya, kan jarirai in ƙara: a rubuta mana shekaru ko kwanakin haihuwa a fom, da makon ciki, da magungunan da ake sha, in ba haka ba na'ura iyakar manya za ta buga. TSH ya fi hawa da tsakar dare, ya fi sauka da yamma, mai lamba a bakin iyaka ya riƙa zuwa da safe kowane karo. Sinadaran gwajin digiri 2 zuwa 8 suke so, lab ɗin da firjinsa ke mutuwa da ɗaukewar wuta lambobinsa za su yi yawo. Wasu ƙananan na'urori kuma ba sa gani ƙasa da 0.1, ba za su bambance wanda ya ɗan sauka da wanda aka danne gaba ɗaya ba. In takarda ta saɓa wa mutumin da ke gabanka, misali TSH da FT4 duka a sama ga wanda ba ya shan komai, a sake ɗiban jini a kai lab mai wata irin na'ura kafin a rubuta magani ko hoton ƙwaƙwalwa.